Ni da Tsohuwa da Rago a Hanyar Doso

Tun da na dawo daga Doso ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. In na zauna a tasha, sai a ce, "Arzika, yaya Nijar?" In na fito masallaci, sai a tare ni a bakin ƙofa, "Wai da gaske an ƙwace maka rago?" Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma na gaji da maimaitawa. Boko ban yi ba, ɗan rubutun da na iya a jikin motoci na fara koyonsa. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata, wannan zan miƙa masa.

'Yata ta fari ce ke aure a Doso, wajen wani Bazabarme mai sayar da yadi. Ta haihu, namiji, jikana na farko. Ranar da aka bugo waya ina kwance a ƙarƙashin mota. Na zabura na buga goshi da ƙarfe, wallahi ban ji zafi ba. Magana ɗaya na yi wa mijinta: "Kada ka sayi rago. Rago na nan."

Rago kuwa yana nan. Tun da mata suka fara raɗe-raɗin tana da ciki na saye shi a kara, ɗan balami fari. Da hannuna na yi kiwonsa, dusa da harawa da kowar wake, har ya zama in ya tsaya a tsakar gida sai kaji su ba shi hanya.

Matsalar Tsohuwa ce. Tsohuwa motata ce, akori-kura, ta girmi 'yar tawa. Da ita nake jigilar albasa da gero tsakanin Amarawa da Darna da Illela. Injinta lafiya lau. Ciwonta yana ƙafar gaba ta hagu, kuma kuka biyu take yi. Na farko ƙiiƙ-ƙiiƙ, kamar ƙyauren da ya bushe. Wannan ba ya ba ni tsoro, roba ce ta cinye. Na biyu shi ne gwaf, duk lokacin da ta faɗa rami. Wannan boljoyin ne. Ga wanda bai sani ba, wani ƙarfe ne mai dunƙulallen kai, yana zaune cikin kofinsa kamar kan ƙashin cinya a ƙugu. Shi ke riƙe da ƙafar mota, shi ke barinta ta juya. In ya fita ana gudu, taya kwanciya take yi. Na san wannan da jikina. Ina yaron mota ya taɓa fita mana a hanyar Sakkwato. Maigidana bai tashi ba. Ni na tashi da ɗingishi. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Na kai ta wajen Malami makanike. Ya aika Sakkwato, aka zagaye shaguna da 'yan gwangwan, babu irin nata. Duk na motocin yanzu ne. Muka yi ta jira har ya zama gobe suna. Da sassafe Malami ya ɗauko sirinji, ya ɗura mata baƙin mai, ya naɗe wurin da robar tsohon tif, ya ɗaure tam. Ya hau gaban motar yana tsalle. Shiru, ba ƙiiƙ ba gwaf.

"Ka ji? Wagga ta kai ka Makka ta maido ka," in ji shi.

Haka muke yi a Illela, duk cikinmu. In mota ta yi kuka sai mu ba ta baƙin mai, in ta yi shiru mu ce ta warke.

Motar haya ba za ta ɗauke mu ba, saboda kayan Kulu, uwargidana. Buhun gero, kanwa, yaji, daddawa, tukwane, zannuwa, har da ɗan gadon jariri. Muka loda, muka ɗaure rago a tsakiya, muka yi bisimilla.

A iyakarmu ba a tsayar da ni ba, kowa ya san Tsohuwa. Masu canji suka yanyame ni, na canza kuɗi zuwa sefa, aljihuna ya koma kamar ba komai a ciki. A ɓangaren Nijar ne aka yi kallo. Wani jami'in duwan, wato kwastan nasu, ya leƙa baya, ya dube ni, ya sake duban rago.

"Ina za ka da shi?"

"Doso."

Sai ya fashe da dariya, ya kira 'yan'uwansa. "Ku zo ku ga abin mamaki! Kullum raguna daga Nijar suka hita zuwa Najeriya. Yau ga wanda ya kawo muna rago. Malam, an ce maka namu sun ƙare?"

Kulu ce ta leƙo ta taga. "Ragon suna na. Jika na hwari."

Nan take fuskokinsu suka sake. Barka, barka, Allah shi raya. Ɗaya ya ce in ajiye masa tsoka in zan dawo. Suka ɗaga sanda.

Ƙonni na san ta kamar gidana, amma ban taɓa wuce ta ba. Ko lokacin biki mata ne suka kai amarya. Da muka bar gari muka ɗauki hanyar yamma, na ji ƙirjina ya buɗe kamar na yaro ranar salla. Ni ne yau zan ga jika! Har waƙa na fara yi, Kulu ta juyo ta dube ni, na bari.

Abubuwan can daban ne. Jandarma, jami'insu mai tsaron hanya, sai ya sara maka tukuna, kamar kai ne babbansa, sannan ya tambayi takardu. Na ce a raina, waɗannan masu sauƙi ne. Ashe bayan gaisuwar ba abin da yake bari, har abin kashe gobara sai da ya girgiza a kunnensa. Namu ba gaisuwa, ba kuma girgizawa. Wurin biyan kuɗin hanya igiya ce kawai a gicciye, mutum yana zaune a inuwa yana riƙe da bakinta. Burodinsu kuma dogo ne, da tauri kamar sandar makiyayi. Kulu ta sayi guda, ta rasa inda za ta sa shi a gaba, ta soke shi a baya tsakanin buhuna. Da muka tsaya cin abinci, sai ɗan guntun da ke cikin takarda muka tarar. Rago yana ta lasar baki.

Mun isa Dogon Dutsi da rana tsaka. Gari ne a gindin wasu jajayen duwatsu masu shafaffen kai. Na so in tambayi boljoyin a shaguna, na tarar duk a rufe. Can da rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, sai ta yi sanyi a buɗe. A Illela mai shagon da ya yi haka, kafin ya dawo maƙwabcinsa ya kwashe masu sayen. Na zauna wajen wani Buzu mai shayi. Ya ba ni a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓe na miƙe. Ya riƙe mini riga.

"Ina za ka? Wancan na hwari na. Saura biyu."

Ashe in ka sha na farko ka tashi, ka wulaƙanta mai shayi. Kowane kofi kuma sai an sake dafa shi a kan gawayi, ana zubawa daga sama ana mayarwa. Ina zaune, Kulu tana danna mini oda daga mota. Na ƙarshen yana da daɗi, gaskiya. Amma ya ci mana rana.

Bayan Dogon Dutsi hanya ta yi ramuka. Can sai na ji gwaf. Ba ƙiiƙ, gwaf kaɗai. Sai sitiyari ya fara ja hagu, yana rawa a hannuna. Na san wannan rawar. Ban taka birki da ƙarfi ba, na bar ta ta yi sanyi da kanta har ta tsaya. Na sauka. Taya ta karkace ciki. Na kama ta sama da ƙasa na girgiza, tana motsi kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Mi na na?" in ji Kulu.

"Sauka. Ja rago."

Haka muka shiga wani ƙaramin gari da la'asar. Kulu a gaba tana jan rago, ni a baya ina tuƙa Tsohuwa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Sau da yawa sai sun tsaya sun jira ni.

A bakin garin akwai garaji a gindin bedi, wato dogonyaro. Mai shi dogo ne siriri, da farin gemu, sunansa Hamani. Bai dubi mota ba, fuskata ya duba. Ya ƙura wa zanen kumatuna ido, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wa ya saki Bagobiri cikin ƙasarmu ba igiya?"

Na ce, "Na zo duba bayina. Na ga kun rame."

Wurin ya ɗauki dariya. Hamani Bazabarme ne, ni Bagobiri, kuma tsakaninmu da su akwai wasa tun kakanni. Ka zage shi ya zage ka, ba mai fushi. Kowa cewa yake shi ne ubangida. In ka ga abu a hannunsa ka ɗauka, ba shi da bakin hanawa. Shi ma haka.

Ya sa jak, ya cire taya, ya warware robar Malami. Baƙin man nan ya haɗu da rairayin hanya ya zama kamar dutsen niƙa, ya cinye kan ƙarfen. Saura kaɗan ya fita daga kofinsa. Hamani ya shafa da yatsa ya nuna mini.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Makanikenmu."

"Tana gaya muku inda ke mata ciwo, kun toshe mata baki."

Su can rotil suke ce masa. Ya ce irin wannan babu a garin, babu a Dogon Dutsi, sai ko Yamai, shi ma sai an yi kwanaki ana nema. Wayata ta daina aiki tun bayan Ƙonni, na ari tasa na kira surukina. Na gaya masa inda muke. Ya ce a hankali, "Baba, ko in nemi wani rago?"

Na ce, "A'a." Na kashe.

Na san abin da na yi. Gobe da hantsi danginsa za su cika ƙofar gida. In ba rago, ba ni za a kalla ba, 'yata za a kalla, baƙuwa a cikinsu, a ce ga maganar ubanta.

Na zagaya bayan garajin in yi alwala. Ina tsugune, na ɗaga kai, sai na ga Tsohuwa a bayan zana. Na murza ido. Ba ita ba ce, 'yar'uwarta ce, iri ɗaya, har launi. Ba taya, tana zaune a kan duwatsu, kabewa ta hau kanta, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Na bar buta na rarrafa ƙarƙashinta. Na kama ƙafar hagu na girgiza. Gam! Ko motsi. Robarsa ma ba ta yage ba. Na fito da gudu, ni da na manta rabona da gudu.

"Hamani! Ga shi nan bayan gidanka! Sayar mini!"

Dariyar fuskarsa ta ɗauke. "Ba ta sayarwa ba ta."

"Ƙarhe guda."

"Ko noti guda." Ya juya ya ci gaba da wanke hannu.

Kulu ta shiga cikin gidan Hamani shan ruwa, ta fito da labari daga matarsa. Motar mahaifinsa ce. A kanta ya koyi tuƙi, a kanta ya koyi gyara. Tun da tsohon ya rasu ta zauna nan. 'Yan gwangwan sun zo sun gaji, bai taɓa sayar da ko madubi ba.

Na zauna a kan tayar da aka cire. Rana tana sauka. Rago yana cin ganyen bedi abinsa. Ban ga laifin Hamani ba, ni ma da haka zan yi. Sai Kulu ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Kai Bagobiri na ko ba Bagobiri ba? Wa yac ce ka saya?"

Na dube ta. Na miƙe. Na je kan tabarmar kayan aikinsa na ɗauki sifana da guduma, na wuce ta gabansa, na shiga bayan zana na kwanta ƙarƙashin motar. Mutane suka biyo ni. Ina ganin ƙafafunsu. Sai ga ƙafafun Hamani sun zo sun tsaya daidai kaina.

"Mi kake yi?"

"Kayana nika ɗauka. Kai nawa na, motar gidanku ma tawa ta."

Na ɗora sifana a kan noti. Wasa wasa ne, amma wannan motar uban mutum ce. In ya ce a'a a gaban jama'a, na ci mutuncinsa na ci nawa. Na daɗe ina kallon ƙafafun nan. Sai ɗaya ta ɗaga ta shure ni a tafin ƙafa.

"Hito. Ɗaure notin kake yi, ba kwancewa ba. Bagobiri bai san dama da hagu ba."

Jama'a suka saki dariya. Ya karɓi sifana ya kwanta da kansa. Ya yi bisimilla, ya zare ƙusar da ke tsare noti, ya zuba kananzir ya jira tsatsa ta jiƙa, sannan ya kwance. Bai bugi kan ƙarfen ba, gefen mazauninsa ya dinga bugu da guduma, har ya yi ɓas ya saki. Ya fito da shi a tafin hannu kamar ɗan tsako. Idonsa ya yi ja. Ya ce tsatsa ce ta faɗa masa. Ba wanda ya musa.

Haske ya ƙare, muka bar ɗaurawa sai da safe. Ina murna, ina ta yi wa Kulu murmushi kamar wawa. Sai na ga Hamani ya nufi gindin bedi, ya kwance igiyar ragona, ya ja shi ya nufi ƙofar gidansa.

"Kai! Ina za ka da shi?"

"Ka ɗauki naka, na ɗauki nawa."

Dariyar da aka yi ta fi ta ɗazu. Har da masu faɗuwa ƙasa. Kulu ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Ni na fara. Wanda ya ɗauka da wasa, in an ɗaukar masa ba ya kuka.

A zaurensa na kwana, Kulu a wajen matarsa. An kawo dambu da kwaɗon zogale, su kopto suke ce masa, ya sha ƙuli da albasa. Namu dambun bai kai shi laushi ba, wannan na yarda. Na ci, don tun safe rago ya cinye mini burodi. Ina ci ina jin kukansa a bayan katanga.

Da aka sallame asuba muka hau aiki. Ya fitar da mataccen, ya wanke mazaunin da kananzir har ya yi ƙyalli. Ya cika na babansa da giris mai tsabta, ya zaunar da shi, ya ɗaure noti, ya mayar da ƙusa ya lanƙwasa bakinta. Robobin da ke ƙiiƙ-ƙiiƙ kuma ya fitar da su, sun bushe sun tsattsage, ya yanka sababbi daga tsohuwar tayar babbar mota ya dasa. Aka mayar da taya. Ya ce in girgiza. Na kama sama da ƙasa na ja da duk ƙarfina. Gam.

Ya shige gida. Na ta da mota. Ga ƙafa ta samu, ga hanya, ba rago. Na ce wa Kulu mu tafi, in na ga ko tunkiya ce a bakin hanya in saya, in sunkuyar da kai in shiga. Ta hau tana share ido da bakin mayafi.

Na sa giya ke nan sai na ji ana bugun bayan mota. Hamani ne, cikin babbar riga shuɗiya da hula, yana jan rago. An wanke shi da sabulu, fari fat, har ƙahon an shafa wa mai.

"Buɗe baya. Ragona za shi suna. Kuma ba ni barin Bagobiri shi tuƙa ƙarhen babana ba idona."

Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Wannan tafiyar ba zan manta da ita ba. Tsohuwa ta yi shiru kamar ba ita ba, sitiyari tsaye a hannuna, hanya tana ta shigewa ƙarƙashinmu. Hamani yana tsaye a baya, rigarsa tana kaɗawa, yana dukan rufin mota.

"Ga rami can! Shiga!"

Na shiga. Ba gwaf.

"Ƙara wani!"

Kulu ta ce mu biyun mahaukata ne. Shi kuwa yana ta ihu da Zabarmanci. Daga baya na tambaye shi abin da yake cewa. Ya ce gaya wa mutanen hanya yake yi su kauce, babansa ya fito.

Mun shiga Doso da hantsi. Ƙofar gida ta cika, maza a kan tabarmi, an raba goro da dabino. Liman yana zaune yana duban hanya. Mahauci yana wasa wuƙa, ba abin yankawa. Surukina yana tsaye a bakin titi, fuskarsa kamar wanda bai yi barci ba. Da ya hango Tsohuwa sai ya dafe kai da hannu biyu.

Kafin in kashe mota Hamani ya dire. Ya ja rago har tsakiyar taro, ya gyara riga, ya yi dogon jawabi da yarensu. Jama'a suna ta dariya suna waiwayena. Maroƙi ya tashi ya dinga zuba masa kirari. Na tambayi surukina me ya ce. Ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi.

"Baba, wai ya ce shi ya kawo rago. Wai a hanya ya tsinci wani Bagobiri, ya ji tausayinsa ya ba shi tuƙi."

Ragon da na yi wa dusa da hannuna. Na ce, "Ƙyale shi."

Aka yanka, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Isiyaka. Daga cikin gida guɗa ta tashi. 'Yata ta fito bakin zaure ta durƙusa, idonta a ƙasa, nawa a bango.

"Baba, kun iso lahiya?"

"Lahiya."

Iyakar maganarmu ke nan, kuma ta isa. Wata tsohuwa ta kawo jaririn ta ɗora mini a cinya. An yi masa aski, kansa kamar ƙwai. Na kai yatsa in taɓa kumatunsa, inda da a gidanmu aka haife shi a zamanin da, zane zai zauna. Sai ya damƙe yatsan. Na ja a hankali, ya ƙi saki.

Hamani yana gefe, bakinsa cike da goro. Ya leƙo.

"Ka gani? Bazabarme na. Ya hwara karɓa."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Jikana ɗan Zabarmawa ne. Na ce, "Shi riƙe."

Da za mu dawo na sauke Hamani a gindin bedinsa da cinyar rago. Ya ce ƙarfen aro ne, ranar da Tsohuwa ta kwanta in mayar masa da shi. Mutumin duwan ya samu tsokarsa. Malami ya girgiza taya ya girgiza, na ce ya jefar da sirinjin nan.

To masu tambaya, e, an ƙwace mini rago, kuma duk Doso ta san na Hamani ne. Bayan salla zan sake ɗaukar hanya. Zabarmawa biyu ke jirana, babba da ƙarami. Abin da suka ga dama su ɗauka.